Ƙugiyar Ɗanjuma

Daren Laraba, Agege

Na kasa barci. Da ma ban taɓa injin nan ba.

Da safe na jona sabuwar sikana a kwamfutar shago, sai firinta ta yi yaji, ta ƙi buga ko layi ɗaya. Su biyun sun zama kamar direbobin danfo, motocin hayar Legas, a kan fasinja ɗaya, kowa na ja. Na shiga saitin na'urori, na cire manhajar firintar, na ɗora wata da na tsinta a intanet. Ta kama aiki, har ina yi wa kaina kirari.

Da azahar Baba Sule mai goro ya zo karɓar takardun sanarwar addu'ar bakwai ta wansa, Alhaji Ɗanjuma. Na buga, na naɗe, na miƙa masa ban duba ba. Ashe sabuwar manhajar ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, duk inda ta gamu da su sai ta haɗiye.

Bayan la'asar ya dawo, an riga an raba takardun a masallatai har Ogba. Ya shimfiɗa ɗaya a kan teburina: "Marigayi Alhaji anjuma."

Na ce, "Baba, ka yafe mini, wallahi injin ne." Ƙarya nake, gaggawata ce.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya shafa sunan da yatsa, ya ce, "Ba komai, ɗana. Mu ne na anjuma. Shi ya riga ya tafi."