Gandu Ne, In Ji Kaka

Gwandu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Addata Sumayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Lukuman da ɗanmu Muzzammil. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a can Fatakwal inda aka ce ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara, wanda ke kin huta da shi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma islamiyya. Baba yana nan yadda kika san shi. Ni kuma na shiga aji biyar, kuma har yanzu ina karatun littattafan nan na soyayya da kike yi mini tsiya a kansu, sai dai yanzu a waya nake karantawa. Na so in kira ki, to amma kin san ni, da na ji murya sai maganar ta gudu. Kaka Kubura ma cewa ta yi a rubuta, wai abin da aka faɗa a waya ba ya kwana.

Maganar gonarmu ta Maruda ce, da itatuwan ɗorawar da ke cikinta. Kin san yadda abin yake tun rasuwar kakanmu Malam Hamidu: ƙasa ta Baba ce da Baffa Ɗalha, itatuwa kuwa na Kaka ne, ya ba ta su a gaban shaidu tun yana da rai. Da kalwarsu take yin daddawar da duk muka tashi da ita, kuma kin san kowane itace ta sa masa sunan jika. Naki shi ne na can gefen Baffa, mai reshen nan da ya sunkuyo ƙasa, wanda muke lilo a kansa. To tun bara Baffa ya fara cewa inuwa tana kashe masa gero, kuma masu gawayi sun yi masa magana. Kaka ta ce sai bayan ranta. Baba ya tsaya tsakiya, don Baffa ƙaninsa ne, ita kuma uwarsa ce. Haka maganar ta tsaya, ba ta mutu ba, ba ta motsa ba.

Bayan girbi sai aka yi sanarwa a rediyo cewa wata ƙungiya mai ofis a Kalgo za ta zagaya ƙauyuka ta zana taswirar dazuzzuka. Wai za a sa gandun dajin gwamnati, da burtali, da fadamu, da tafkuna, duk a wuri ɗaya, yadda kowa zai iya gani a wayarsa ko a zauren maigari. A da kin san ba wanda ya san inda iyakar gandun daji take sai malamin daji, mutum sai ya sari itace sannan ya ji cewa ya shiga hurumin hukuma. Ranar da suka zo Maruda ina can wajen Kaka, hutu ya kai ni. Ni dai a raina na riga na tsara wanda zai sauko daga motar: dogo, mai farar shadda, marar son magana, wanda zai nemi ruwan sha in kawo masa ina sunkuyar da kai. Da motar ta tsaya sai ga wata mata 'yar Zuru da malafa, Malama Grace, da direba mai tari. Na kawo ruwan dai.

Malama Grace ta bi gefen gona da wata 'yar na'ura a hannu, tana tsayawa tana dannawa. Da ta ga itatuwan sun yi duhu wuri ɗaya, ga kuma wani tsohon turken siminti a bakin hanya, sai ta durƙusa ta gaida Kaka, ta tambaye ta ko nan gandu ne. Kaka ta ce gandu ne tun kafin a haifi ubanta. Matar ta yi dariya, ta yi godiya, ta danna na'urarta, suka wuce. Ina tsaye a wurin, ban ji komai a maganar ba, don ni ma na tashi ina jin ana ce wa wurin gandu: gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa ke nomawa tare. Hankalina ma yana kan malafar, ina tunanin yadda za ta yi mini.

Sai cikin azumi taswirar ta fito. A rukuninmu na masu karatun littattafai wata ta turo, tsakanin babi da babi, na buɗe don kawai ana jiran ci gaban labari. Adda, abin yana da kyau. Sai ki ga ƙasar nan daga sama kamar an shimfiɗa atamfa, ki ja da yatsa ki bi hanyar Gwandu zuwa Dodoru, ki ga tafki kamar ƙwayar ido. Na daɗe ina yawo a ciki, har na zaɓi inda zan gina gida. Da na gangaro Maruda sai na ga gonarmu duk an shafe ta da kore, launin da aka ce na gandun dajin gwamnati ne. Na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya sake sawa, ya ce in ƙara girmanta. Bai sha ruwa da daɗi ba ranar.

Kafin Sallah labari ya gama Maruda, don an liƙa babbar taswirar a zauren maigari, kowa yana zuwa ya nemi gonarsa. Wasu har da jaje suka zo wa Baba. Maigari ya ce shi ya san gonar Malam Hamidu ce, amma abin da aka zana aka baza wa duniya, in aka bar shi ya daɗe, wata rana wani zai zo da shi a hannu ya ce a daina noma. Ga damina tana matsowa, ga taki an riga an kai. Mutum ɗaya ce abin ya yi wa daɗi, Kaka. Masu gawayin ashe su ma suna da waya. Sun aiko wa Baffa cewa sun fasa, ba za su kai inji inda aka shafa kore ba. Kaka ta sa na nuna mata wurin, ta daɗe tana kallo duk da idon nata ya yi rauni, ta ce launin ya yi mata, a bar shi.

A ƙasan taswirar akwai wurin da aka ce duk wanda ya ga kuskure ya faɗa. Na rubuta da bakin Baba, aka amsa cewa a zo Kalgo da wanda ya ba da bayanin farko. Kaka ta ce ƙafarta, ta ce zafi, ta ce mota tana juya mata ciki. Sai da Baba ya je Maruda da kansa ya zauna gabanta. Ban san abin da ya ce mata ba, na dai ga ta fito da mayafin unguwa. Muka tafi mu huɗu, da Baffa, ni an tafi da ni ne don in riƙe Kaka da waya. A hanya ba wanda ya yi magana sai ita, ta ce wa Baffa ya matsa, yana yi mata inuwa.

Ofishin ɗaki biyu ne, an liƙe bango da taswirori. Malama Grace ta gane mu, ta kunna mana muryar da na'urarta ta ɗauka ranar, muka ji tambayarta, muka ji amsar Kaka tar. Da Baba ya yi mata bayani sai ta dafe kai. Ta ce ita da Hausa ta tashi, amma a wajen aikinsu in an ce gandu to na daji ake nufi, ga itatuwa, ga turke, ga tsohuwa ta ce tun kafin a haifi ubanta, me kuma za ta tambaya. Baba ya ce turken na masu aikin hanya ne, na gandun daji yana can hayin rafi. Ta ba da haƙuri, ta ce dama don irin wannan aka baza taswirar, da a aljihun tebur take da ba wanda zai sani sai ranar rigima. Sai ta juya ga Kaka ta ce doka ce mai maganar farko ta warware da bakinta: wane gandu take nufi.

A littafi nan ne ake yin kuka ko wani ya faɗo ɗakin da gudu. Ba wanda ya shigo. Sai Kaka ta tambayi Malama Grace, in an goge koren, me ya rage wa itatuwa. Matar ba ta ɓoye mata ba, ta ce koren na gandun daji ne, ba na gonarmu ba, dole ya tafi. Amma akwai yadda ake sa itace ɗai-ɗai a taswira, ɗigo ɗaya itace ɗaya, da irinsa da sunan mai shi, duk wanda ya taɓa ɗigon zai gani. Ta ce wannan ba doka ba ce, ba ta tsare kowa, gani ne kawai. Baffa ya ce dama waya ba ta riƙe hannun mutum. Kaka ba ta kalle shi ba. Ta ce a rubuta: gandun Malam Hamidu take nufi, ƙasa ta 'ya'yanta ce su noma abinsu, itatuwa nata ne, kuma kowanne da sunansa za a sa shi.

Kafin mu iso gida koren ya tafi, na duba a mota. Sa ɗigon kuwa sai an je an tsaya gindin kowane itace, Malama Grace ta ce sai sati na sama. Ranar da ta zo muka taka gona da hantsi, ni da ita da Kaka. Adda, naki muka tarar a ƙasa. An yanke shi da inji, an kwashe gangar jikin, sai rassa da ganyen da bai gama bushewa ba. Reshen lilon yana nan gefe. Baffa ya ce bai sani ba, wai masu gawayi sun ga koren ya tafi sai suka ɗauka tsohuwar magana ta dawo. Ni dai abin da na ji ke nan nake faɗa miki. Kaka ta zagaya kututturen, ta shafa samansa, ta ce yankan bai yi ƙasa sosai ba. Ta ce wa Malama Grace ta fara da wannan. Matar ta ce sai dai ta rubuta kututture. Kaka ta ce ta rubuta abin da ta gani, amma da sunan.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, Kaka tana faɗa ana dannawa: Sumayya, Anas, Zulai, Abu, har nawa, wanda kin san shi ne mafi rowar 'ya'ya. Yanzu suna nan a taswira, an kuma sake liƙa sabuwa a zauren maigari. Zulai ta Baffa ta nemo nata ta nuna wa ƙawayenta a makaranta, ta kai wa ubanta har gida ta ce ya taɓa ya ga sunanta. An ce ya taɓa. Tun ranar bai sake maganar inuwa ba, ban sani ba ko ya bari ne ko ya ajiye. Baba ya fara sharar gona. Kaka ta sa an kewaye kututturenki da ƙaya saboda awaki, ta ce ɗorawa tana tohowa in ta sha ruwan farko, kuma ranar da ta ga ganye ni zan shiga wurin gyara na taswirar in ce a canja kalmar kututture.

Saƙonta gare ki shi ne dalilin takardar nan. Na rubuta miki adireshin taswirar a bayan shafi. Ta ce ki riƙa buɗewa lokaci lokaci kina duba ɗigon nan ko suna nan, ki nuna wa Muzzammil, kuma in kun yi waya da Baffa, bayan gaisuwa, ki ce masa kin gani. Ta ce kada ki ƙara komai a kai.

Inna da Baba suna gaishe ku ƙwarai. Ki gaida Yaya Lukuman, ki gaida Gwaggo Ladi maƙwabciyarku da ta aiko mini da ɗankwali, ki shafa mini kan Muzzammil. Daddawar bana za ta ɗan ragu, amma Kaka ta ce kasonki yana nan, daga itacena za a cire. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Amatullahi