Makwancin Iya a Bakin Bahar Maliya

Hindawiyya, Makka

Zuwa ga Gwaggo Yalwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai yayanki, Baba, tsufa ya fara rinjayarsa.

Gwaggo, kin san Iya, mahaifiyarku, a jirgin ruwa ta rasu lokacin da suke ƙetarowa daga tashar Sawakin a hanyarsu ta zuwa Makka, Baba yana yaro, ke kuma an bar ki gida wurin kaka. A bakin gaɓa aka binne ta, kudu da Jidda, inda wani kwari ke zubewa cikin teku. Bayan sallah Baba ya matsa sai an kai shi, ya ce yana tsoron ya tafi bai ziyarce ta ba. Hashim, ɗana, ya ɗauke mu a mota tare da ƙanwarsa Haifa, wadda ke karatun ilimin teku.

Mun sami kwarin, amma ba mu sami tudun da Baba ya san an binne ta a kai ba. Ruwa ne kwance iya gwiwa, ga taɓo, ga wasu itatuwa da ake kira shura tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu sun tsiro sama kamar turaku. Ƙaguwa na ta shiga ramuka, zalɓe na kiwon ƙananan kifaye. Haifa ta ce ambaliya ce ke kawo laka daga duwatsu, teku kuma na cin gaɓa, shi ya sa bakin kwari ba ya zama wuri ɗaya. Ta faɗa wa Baba a hankali cewa kabarin yana ƙarƙashin itatuwan nan.

Na ɗauka zuciyarsa za ta karye. Ya tuɓe takalmi, Hashim ya riƙe shi, ya shiga ruwan ya daɗe yana addu'a. Da ya fito ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Ya ce in rubuto miki cewa ranar da suka binne ta ko kara babu a wurin, abin ya daɗe yana cinsa, amma yanzu Iya tana cikin inuwa.

Ki gaishe da Kawu Wada da Maryama da yara. Baba ya ce ki sa shi a addu'a.

Taki,
Zubaidatu