Kabarin Inna da Fuskar Zara

Karaye,
14 ga Satumba, 1992.

Zuwa ga Malama Maijidda,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ko hannu ban taɓa ɗagawa a ajinki ba. Ni ce Saude Lado, mai zama kusa da taga a aji huɗu. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara, kuma kin saba da garin Rogo.

Malama, kafin a yi miki canji kin ba mu labarin Zara, tauraruwar asuba. Kin ce kumbon da aka aika ya gano ramukan fuskarta ba su da yawa, domin duwatsu masu aman wuta sun malalo da narkakken dutse ya shafe tsofaffin. Kin ce wasu masana na ganin ba lokaci guda abin ya faru ba: yau nan, gobe can, gefe kuma yana zaune lafiya. Na haddace, na ci jarrabawa, ban ji komai a raina ba.

Da na zo hutu na tarar ruwan dam ya cinye ƙauyenmu, an mai da mu kan tudu. Mutanen Kwanyawa, maƙwabtanmu da ruwan bai taɓa ba, suna cin kasuwarsu kamar kullum, har wani ya zolayi Baba wai ya sayar da garma ya sayi komar kamun kifi. Baba ya yi dariya. Da ya dawo gida bai taɓa tuwo ba.

Kabarin Innarmu yana ƙarƙashin ruwan. Da wata tsamiya muke gane shi, yanzu ita ma ta nutse. Duk Juma'a Baba yakan je bakin ruwa ya yi mata addu'a, kuma na lura wurin da yake nunawa yana sauyawa. Shekaranjiya ya ce tunda ni ce 'yar boko, in gaya masa ko za a ga wurin in ruwa ya janye da rani. Na ce zan tambaya. Amma na ga lakar da ruwan ke ajiyewa a gaɓa, ta binne wani turmi har baki.

Don Allah, a Zara akwai ramin da aka rufe amma gefensa ya ɗan fito har a gane shi? In akwai, shi zan gaya wa Baba. In babu, kada ki wahalar da kanki da amsa, zan gane. Ki dai ba ni izini in sake rubuto miki, don a gidan nan ba ni da wanda zan yi wa wannan maganar.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗalibarki,
Saude Lado