Muryar da Ƙarancin Wuta Ya Ba Ni

Zuwa ga yayata, Apa Gulchehra,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Aka Nozim da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwa tun kafin sanyin Novosibirsk ya kankama. Mu nan Khujand kowa lafiya. Inabin tsakar gida ya yi 'ya'ya har mun gaji da rabo. Matar ɗana Bezhan ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya.

Na san labarin faifan ya iso miki, wanda ya tara waƙoƙina na farko, na zamanin da nake da gashi. Surukina Ilhom, uban matar Bezhan, shi ya tsinto su daga tsofaffin kaset ya buga. Kowa murna yake taya ni, har mai tasi ya ƙi karɓar kuɗina. Ni kuwa, Apa, tun da faifan nan ya fito ban sake numfashi mai daɗi ba, kuma ke kaɗai kika rage da za ki gane dalili.

Kin tuna abokina marigayi Ravshan da rikodarsa, da hunturun da muka ɗauki waƙoƙin a ɗakin baƙi, lokacin da wutar lantarki ke zuwa kamar ana rowarta, ƙwan fitila ja kamar garwashi? Saboda ƙarancin wutar, rikodar a hankali take juyawa. Da aka sa kaset ɗin inda wuta take cike, sai ya ƙara gudu, muryata ta sirance ta hau sama inda ban taɓa kaiwa ba. Dariya muka yi a lokacin. Ravshan ya ce in rufe bakina, na samu muryar da ko uwata ba ta ba ni ba, kuma kyauta. Kaset ya bi hannu ya bazu, ni kuma na koma koyar da kiɗa a makaranta, aka manta da fuskata aka riƙe muryar.

Yanzu ga shi an tono ni. A makon jiya an gayyace ni biki a garin Isfara, kawun ango ya miƙe ya nemi waƙar jirgin ƙasa ta cikin faifan, kin kuwa san ba a mayar da roƙon dattijo a gaban baƙinsa. Na ɗaure tsirkiyar dutar ɗina, garayata, daidai inda maƙogwarona yake, na rera iyakar iyawata. Da na gama sai ya dafa kafaɗata, ya ce Allah sarki usto gwanin waƙa, tsufa ya shanye zumar ya bar mana saƙar. Na yi masa bayanin rikoda, ya kwashe da dariya, wai shi bai taɓa jin an ɗora wa lantarki laifin furfura ba. Da na dawo na kai wa matata Sabohat ƙara, ta ce ai ita ma yaron cikin kaset ta aura, ni haƙuri kawai take yi da ni. Wasa take yi, amma maganar ta zauna min.

Na roƙi Ilhom ya rage gudun waƙoƙin su dawo yadda na rera su. Ya ce mutane ba gaskiya suka zo saya ba, ƙuruciyarsu suka zo saya. Ya kama babban zaure don ƙaddamar da faifan a wata mai zuwa, kuma ya yanke cewa faifan za a saka, ni in tsaya da dutar ina motsa baki, wai manya ma haka suke yi. Bai faɗa min ba sai da ya dafa osh, dafa-dukarmu ta shinkafa, ya zaunar da ni, ya gutsura min burodi da hannunsa. Na ci burodinsa, 'yarsa tana ɗauke da jikana, sunansa ne a jikin takardun gayyata. Gaba kura, baya sayaki. Na ce to.

Abin da ya fi min ciwo, akwai waƙar da na yi wa mahaifiyarmu bayan rasuwarta, ƙasa-ƙasa take, daidai muryata ta gaske. Na nemi a bar min ita ko a ƙarshe, Ilhom ya ce ba ta cikin faifai, za ta tona mana asiri. Shekaruna sun kusa sittin, za a cika min zaure a karon farko, kuma ba za a ji ni ba. Za a haska taron a talabijin. Idan kin ga bakina yana motsi, Apa, ki kashe sautin. Ke kin san muryata tun ina rera waƙa a bakin tanderu kina korata.

Ki gaishe da Aka Nozim, da Parvina da mijinta, da ƙaramin Somon. Sabohat da Bezhan suna gaishe ki. Idan Allah ya kawo ki baɗi, zan rera miki waƙar Ocha, mahaifiyarmu, a ƙarƙashin inabi, mu biyu.

Ƙaninki mai kewarki,
Shodmon