Jiran dariya a Joinville

Litinin, 9 ga Maris, 1931
Sau ɗari huɗu na yi wasan nan a dandamali, ni ce kukun da ke ɓoye saurayin uwar ɗakinta a kabad. Yau an kwashe mu zuwa ɗakin ɗaukar fim na Joinville, a bayan garin Faris, wai za a mai da shi fim. Na saki maganar da ke kayar da mutanen Faris don dariya, na dakata kamar kullum. Garrigou, mai ba da umarni, ya tsayar da aiki. Wai, "Madam Honorine, mota kike jira?" Na ce dariya nake jira. Ya waiwaya. Ba kowa sai mutum biyu a kan tsani, ɗaya na cin burodi da cuku.

Laraba, 11 ga Maris
Sau tara muna maimaitawa. Fitilun nan sun gasa ni kamar kaza.

Alhamis, 12 ga Maris
Ba da gangan nake yi ba, abin da Garrigou ya ƙi ganewa ke nan. Shekara ashirin da shida bakina ya saba ba mutane wuri su yi dariyarsu. A gaban kowa ya ce in na sake dakatawa gobe, akwai mata goma a bakin ƙofa masu jiran gurbina. Wasan da aka rubuta domina. Fulgence, mai fitowa a saurayin, ya raɗa mini, "Ke dai zuba kamar famfo, 'yar uwa, ni ma haɗiyewa nake." Munafuki, jiya shi ke zuga ni. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 13 ga Maris
Na zuba, ban dakata ba. Garrigou ya ce madalla. Na yi kuka a jirgin ƙasa.

Lahadi, 18 ga Oktoba
Na shiga silimar unguwarmu, kujerar baya, hula har gira. Da aka zo wurin kabad sai dariya ta ɓarke, ta danne maganata uku, ba wanda ya ji su. Ni ce da gaskiya, kuma sai na gaya wa Garrigou.

Sai dai ban taɓa ganin yadda nake yi da fuskata ba. Ashe haka nake murguɗa baki. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni, wai, "Baiwar Allah, rage dariyar nan, ba ma jin abin da take cewa."

Fim ɗin banza ne. Ran Talata ma suna nunawa, ƙarfe uku.