A Mayar da Ƙanena Sahun Gaba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacinmu na Juma'a, Zongo, Lome.

Assalamu alaikum. Baba Alhaji, bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Sani mai babur na haya, wan Mubarak, saurayin nan da wuyansa da hannunsa ke fizga ba da sonsa ba. Na zo gidanka aka ce ka tafi unguwar Agbalepedo, na koma aka ce kana hutawa. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Tun yana ƙarami yake da wannan lalura ta jijiya. Makaranta ta gagare shi don biro ba ya zama a hannunsa, kasuwa ma haka. Abu guda ya rage masa. Kowace Juma'a tun da hantsi nakan goyo shi a babur, ya zauna a sahun gaba, inda marigayi mahaifinmu ya sabar masa. Shekara da shekaru ba wanda ya ce ya ɓata masa salla.

Na biyu. Gab da azumin bana kuka kafa kyamara don 'yan uwa na ƙasashen waje su riƙa kallon huɗuba a waya. A bidiyon farko ana ganin Mubarak kusa da liman, kansa na fizga, wasu marasa kunya sun rubuta abin dariya a ƙasa. Juma'ar da ta biyo baya ladan ya kama hannunsa ya kai shi baranda, wajen takalma, ya ba shi kujerar roba, wai don ya sha iska. Baba Alhaji, fankokin nan duk a saman sahun gaba suke. Na tambayi ladan, ya ce umarni ne daga sama. Na tambayi sakatare, ya ce bai ma san zancen ba. Ban ji lokacin da aka ƙulla ba, amma ban yarda wannan tausayi ne ba. Ina zargin hoton masallaci ake gyarawa.

Na uku. Tun ranar bai sake leƙa ƙofar gida ba. Yaron da ke tsokanar kowa a unguwa yanzu ya juya wa bango fuska, abinci sai Inna ta yi kuka yake taɓawa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma yakan kama matasa irinsa idan suka ji sun zama abin ɓoyewa. Ya fara shan magani. Makon jiya ya kyautar da rigarsa ta Juma'a, sannan ya tambaye ni ko ranar jana'izarsa za a yarda a ajiye shi a gaban sahu, tunda ranar jikinsa ba zai motsa ba. Tsoro nake ji, Baba Alhaji, ba na iya barinsa shi kaɗai a ɗaki.

Roƙona shi ne a gaya mana wanda ya ba da umarnin. A mayar wa Mubarak da wurinsa, in kyamara ta ga ba za ta iya ba, ita a matsar da ita. Kuma liman ya tako da ƙafarsa ya kira shi, don ni ya daina jin maganata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuriyarka daga irin wannan jarrabawa, ya sa ku zo ɗaukar Mubarak yana tsaye da ƙafafunsa.

Wassalam.

Sani, wan Mubarak.