Mai Kallo Ba Ya Magana

Litinin, 6 ga Oktoba, 2008

Likita ce ta ce a sami littafi a riƙa rubuta abin da mijina Clifford ya manta kullum. Na ce mata ni ban iya rubutu ba. A jirgin ruwa na dakon kwal aka haife ni, yau muna wannan gari gobe muna wancan, wa zai tsaya ya kai ni makaranta? Shi ne ƙanwarsa Enid ta ce za ta riƙa shigowa, ina faɗa tana rubutawa. To ga mu.

Yau ya sa butar shayi a firij. Rubuta haka.

Takardar gasar garin Morecambe kuma ta iso, gasar wasan jera haruffan nan nasa. Da kansa ya cike ta, Enid ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya. Shekara ashirin da biyu bai taɓa fashi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Enid ta ce kar in bar shi ya je. "Hetty, kai shi za ki yi ya kunyata a gaban mutane." Yanzu ma tana rubutawa tana hararata. Harare ni, amma ki rubuta.

Abin da ya rage masa ke nan. Sunan titinmu kan ɓace masa, amma da safe in na ɗaga masa katin nan nasa na haruffa bakwai a hargitse, kafin in kurɓi shayi ya fito da kalma. Sai in juya katin ya duba amsar da kansa. Haka muke yi tun yana aikin gidan waya. Ni dai ɗagawa ce tawa. Wani lokaci in riƙe shi a kife, ya ce, "'Yar jirgi, kin sa shi tafiya da ka." In ce, "Farfesa, in ka isa ka karanta shi a haka."

So nake ya yi wannan ta ƙarshe, ya tashi daga tebur da mutuncinsa, a tafa masa. Daga nan a rufe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ya kira ni da sunan uwarsa. Sau ɗaya ne, kuma ya gyara da kansa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An aiko da sunayen masu zuwa. Neville Pask yana ciki. Bari in faɗa miki yadda aka yi a shekarar tamanin da tara, ke lokacin kina Kanada, labarin da kika ji rabi ne.

Wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi ne da kofi. Clifford da Neville. Kowa minti ashirin da biyar gare shi a agogon nan mai fuska biyu. In ka ajiye haruffanka ka faɗi makinka, sai ka danna maɓallinka, naka ya tsaya na abokin wasanka ya kama tafiya. In ka wuce lokacinka, kowane minti a cire maka maki goma.

Mu matan 'yan wasa muna zaune a kujerun jikin bango. Doka ɗaya ce a kanmu: mai kallo ba ya magana. Ko tari ka yi sai a waiwayo.

Saura minti biyu ya rage wa Clifford, sai ya zuba bakwai ɗinsa duka a allo lokaci guda. Wai sunan wani tsuntsu ne na ƙasar da ba wanda ya taɓa zuwa. Na ji mutane sun ja numfashi. Ya faɗi makinsa, ya rubuta, ya naɗe hannu yana kallon abin da ya ajiye kamar wanda aka miƙa wa jariri. Bai danna ba.

Kowa a ɗakin nan allo yake kallo, saboda kowa ya iya karatu. Ni kaɗai nake kallon agogo, don shi kaɗai na iya karantawa. Ni da Neville. Na ga idonsa ya je can ya dawo. Ya sunkuyar da kai yana jujjuya haruffansa, yana tunaninsa a kan lokacin mijina. Minti shida, Enid. Na cije yatsana har ya yi jini. Da aka gama aka cire wa Clifford arba'in, ya faɗi da sha ɗaya.

Da aka yi wa Neville magana cewa ya yi, "Ai bai danna ba, layi bai zo kaina ba tukuna." Kuma doka ta ba shi gaskiya.

A jirgin ƙasa muna dawowa na gaya wa Clifford na gani.  Ya ce, "Daidai kika yi." Bai sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Ni kuma shekara sha tara ban amsa gaisuwar Neville ba, ko da matarsa ta rasu kati kawai Clifford ya aika, ban bari ya sa sunana ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na ɗinke jakar haruffansa, bakin ya warware. Ya shimfiɗa su a tebur goma-goma layi goma yadda ake yi kafin wasa, ɗari cif. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sau biyar. Na bar shi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mun iso Morecambe. Iska, ruwan sama, teku ta janye can nesa sai laka. Enid ta biyo mu da littafinta wai don kar in ɓoye wani abu. Mun ci kifi da dankali a takarda. Ya gane hanyar ɗakin gasar ba tare da an nuna masa ba, amma lambar ɗakin kwananmu na otal sai da na ɗaura masa makullin a wuya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Wasa bakwai, ya ci uku! Rubuta da manyan haruffa. Wata mata mai jan gashi ta ƙalubalanci kalmarsa, aka duba ƙamus aka ce tana nan daram. Ya ce mata, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ajiye ta."

Neville ya zo wucewa da sanda, ya rame. Ya ce, "Barka dai, Hetty." Na dubi taga.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ba yau ba. Rufe littafin.

Laraba, 22 ga Oktoba

To. Muna gida. Rubuta, kar ki tsayar da ni.

Safiyar Lahadi aka haɗa shi da Neville. Ba teburin kofi ba, can ƙasa kusa da ƙofa, inda tsofaffi ke ƙarewa. Na ja kujerata inda zan ga agogo.

Wasa ya yi nisa sai na ga yatsun Clifford suna jera haruffa da sauri, na san alamar. Ya zuba bakwai duka. Ya faɗi maki da ƙarfi, tamanin da shida, ya rubuta. Ya naɗe hannu.

Allurar agogo tana tafiya. Na dubi Neville, na ga idonsa ya je can. Ban jira ba. Ban ma san na miƙe ba, sai muryata na ji.

"Cliff! Agogo!"

Mutum sama da ɗari suka ɗago kai. Shi ma ya ɗago, ya dube ni sosai, ido cikin ido. Sannan ya ɗaga hannu yadda ake kiran alƙaliyar gasa. Da ta zo ya ce, cikin ladabinsa na gidan waya, "Madam, wannan baiwar Allah ban san ko wace ce ba, amma a fitar da ita. Mai kallo ba ya magana."

Dokar bai manta ba. Shekara hamsin da ɗaya da aure.

Alƙaliyar ta san ni tun tana 'yar wasa. Ta kama gwiwar hannuna a hankali ta ce, "Zo mu je, Hetty." Na bi ta. Na zauna a baranda kusa da injin shayi, jakata a cinya. Ban yi kuka ba, duk wanda ya ce na yi, ƙarya yake.

Sauran ke kika gani, amma ni zan faɗa tunda littafina ne. Wai har lokacin bai danna ba. Sai Neville ya miƙa hannu ta kan allo ya danna masa, lokaci ya koma kansa. Haka ya yi ta yi har aka gama, ya danna nasa ya danna na Clifford. Alƙaliyar ta juya baya tana gyara takardu. Kuma bai sassauta masa ba, Neville ne ya ci da talatin da wani abu. Wannan na gode masa a raina, da ya bar masa da Clifford ya gane. Suka yi musabaha, teburan kusa suka tafa.

Ya fito yana murna. "'Yar jirgi, ina kika shiga? Kin ga abin da na zuba? Bakwai cif!"

Na ce, "Na gani, Farfesa."

Ya ce, "Wata mata ta yi ta ihu, aka kore ta. Mutane ba su da tarbiyya yanzu."

Na ce haka ne.

Da kika tafi da shi neman kwat ɗinsa, Neville ya zo ya tsaya a kaina da sandarsa. Ya ce, "A tamanin da tara na ga agogon nan. Tun minti na farko." Na ce, "Na sani. Ni ma na gani." Ya tambaya ko zai iya zuwa gida su riƙa bugawa. Na ce gidana ba otal ba ne.

Litinin, 27 ga Oktoba

Katin safe biyu ya kasa. Na ce masa a kife na riƙe.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ya zo. Bas biyu Neville ya hau, da wannan ƙafar tasa, a ruwan sama. Zan bar shi a waje ne ya mutu a ƙofata a ce ni ce?

Suka shimfiɗa allo a teburin kicin, Clifford ya ɗauko agogo. Ni na ja kujerata jikin bango, sabo. Sai Neville ya ce, "Hetty, hannuna ya gaji da miƙewa. Matso ki riƙe mana wannan abin." Na ce ni ba 'yar aikinsa ba ce. Na dai matso, don ya fi ɗumi ta wajen murhu.

Wasa biyu suka yi. Duk wanda ya faɗi makinsa sai in danna. Clifford ya dubi hannuna a kan maɓalli. Sai ya juya ya ce wa Neville, "Matata ce. Ba ta karatu, amma ba a cutarta a lokaci."

Na likita: yau ya sa silifas ɗinsa a kwandon burodi. Rubuta wannan.

Alhamis mai zuwa ki taho da kek ɗin nan mai lemo, an ce wani ba ya cin mai zabibi. Kofin da na ba shi shayi kuwa, wanda hannuna ya fara kaiwa ne, ba don shi ne na baƙi ba. Kar ki rubuta zancen kofin.